Ɗan Ƙasa Ne, Amma Na Aro

'Yan uwa, kada a yi mana mummunar fahimta. Ƙungiyar Da'ish ta yi ɓarna a bayan ƙasa, kuma mafi yawan jinin da ta zubar na Musulmi ne. Duk wanda ya sa hannu a aikinta ya cancanci hukunci. Abin tambaya shi ne, wa zai yanke hukuncin, alƙali ko minista?

Mu ɗauki Shamima Begum. A Ingila aka haife ta, a Landan ta tashi. A 2015, tana da shekara 15, ta sulale ita da ƙawayenta biyu zuwa Siriya, aka aurar da ita ga wani mayaƙin Da'ish. Ta haifi 'ya'ya uku, duk suka rasu. Da aka gano ta a sansanin al-Hol a 2019, sai ministan cikin gida na lokacin, Sajid Javid, ya ɗauki alƙalami ya soke mata zama 'yar Birtaniya, bisa dokarsu ta 1981 da ta ba shi wannan iko in ya ga maslahar jama'a.

To, dokar ƙasa da ƙasa ta hana a bar mutum ba ƙasa. Sai suka ce ai asalin iyayenta Bangaladash ne, don haka tana da wata ƙasar. Bangaladash ta ce atafau ba ta san da ita ba. A 2023 kotun da ta saurari ƙararta ta yarda cewa akwai ƙwaƙƙwaran zato safarar ta aka yi tana yarinya, amma duk da haka ta ce minista bai karya doka ba. A 2024 kotun ƙoli ta ƙi ma sauraron ƙarar. Duk tsawon shekarun nan ba a gurfanar da ita a kan laifin ta'addanci a kotun Birtaniya ba, ba shaida, ba kare kai. Ina haƙƙin ɗan Adam ɗin da ake cika mana kunne da shi?

Ga inda gizo ke saƙar. Baturen da ba shi da wata ƙasa sai Birtaniya, ko mutum nawa ya kashe, kurkuku za a kai shi, yana nan ɗan ƙasa. Wannan bulala sai a bayan wanda ke da jibi da wata ƙasar take sauka, galibi 'ya'yan baƙi. Ko a Faransa, da shugaba Hollande ya nemi sa irin wannan cikin tsarin mulki bayan harin Faris na 2015, ministar shari'arsa Christiane Taubira murabus ta yi, shi kuma ya janye a 2016.

Kada ɗan uwa ya ce abin na nesa ne. Tsarin mulkin Nijeriya ya ce ɗan da ɗan Nijeriya ya haifa a waje ɗan Nijeriya ne. Ke nan yaron da Bakano ya haifa a Landan, ko bai san hanyar Kurmi ba, a idon waccan doka yana da inda za a tura shi.