Shafin Uwargida: Biko, Shinkafar Haɗa Zumunci

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Filifin, mai tsibirai fiye da 7,600, mu ga wani abin marmari da suke kira biko.

Mutanen ƙasar suna da wata shinkafa mai danƙo, sunanta malagkit. Da ita suke yin kayan zaƙi iri-iri waɗanda suke kira kakanin, biko kuwa yana cikin manyansu. Shinkafar yau da kullum ba ta yi, gama ba ta da wannan danƙo, da ta huce sai ta warwatse.

Kayan haɗin ba su da yawa: shinkafa kofi 2, madarar kwakwa kofi 3, baƙin sukari irin na mazarƙwaila kofi 1, da ɗan gishiri. Madarar kwakwa ba ruwan cikinta ba ne. Akan goga naman kwakwar, a zuba ruwan ɗumi, a matse, a tace.

Da fari a dafa shinkafar da ruwa kaɗan, kada ta caɓe. Sai a ɗebi kofi 1 na madarar, mai kaurin, a tafasa har mai ya fito, ɗiɗɗigar ta yi ja. Wannan ɗiɗɗiga ita ce latik. Man kuwa da shi ake shafe ganyen ayaba. A dafa sauran madarar da sukari har ta yi kauri, a juye shinkafar a ciki.

To, nan aikin yake. Sai a yi ta tuƙawa a kan wuta kaɗan, har shinkafar ta shanye madarar, ta yi sheƙi, tana sakin tukunya. Wadda ta bar muciya ta tafi hira za ta tarar da ƙanzo. In ya yi, a shimfiɗa a kan ganyen cikin faifai, wanda suke kira bilao, a barbaɗa latik, ya huce, a yayyanka.

Ana cin biko a bukukuwa, musamman daren shiga sabuwar shekara. Sukan ce abinci mai danƙo yakan sa iyali su manne wa juna. Mu dai mun sani shinkafa kaɗai ba ta gyara zumunci. Amma duk wanda ya zo cin faifan nan, dole ya zauna kusa da ɗan'uwansa, ko da jiya sun yi saɓani. Yaushe rabon gidanku da irin wannan zama?

Sai wata mai zuwa, Allah ya kai mu.