Karen da ke taya jinya

Yara, kun san aikin kare a ƙasarmu. Yana tsaron gida, yana bin makiyayi, yana farauta. A Azawak, arewa da Tawa, Buzaye suna da wani dogon kare siriri mai kama barewa da gudu. To, a waɗansu ƙasashe an ba kare wani aiki dabam. Yana taimakon masu ciwon taɓin hankali. In aka ba da wannan labari a nan, mutane sukan yi dariya, su ce abin Nasara ne. Ni a ganina ba abin dariya ba ne.

Tun da daɗewa aka lura dabba tana kwantar wa majinyaci da hankali. A shekarar 1796 wani mutum, William Tuke, ya buɗe gidan jinya a garin Yok na Ingila. A zamanin nan ɗaure masu taɓin hankali ake yi da sarƙa. Shi kuwa ya ƙi. Aka zuba zomaye da kaji a tsakar gidan, suka saba da majinyata. Daga baya, a Amurka, wani masanin halayyar yara, Boris Levinson, ya ga abin mamaki. An kawo masa wani yaro wanda ba ya yarda ya yi magana da shi. Yaron ya ga karen Levinson, sai ya soma yi wa karen magana. Ta nan Levinson ya samu hanya. Ya rubuta wannan a 1962. Waɗansu abokan aikinsa ma dariya suka yi masa.

Mene ne dalili? Dabba ba ta gori. Ba ta tambayarka me ya same ka. Ba ta kiranka mahaukaci, ba ta binka da jifa, kamar yadda waɗansu yara ke yi a bakin kasuwa. Kuma kullum da safe tana son ruwa da abinci. Wanda baƙin ciki ya kwantar da shi, dole ya tashi ya ba ta.

Akwai karen da ake yi wa horo na musamman, shekara ɗaya ko biyu. Ga soji ya komo daga yaƙi. Jikinsa lafiya lau, amma ba ya barci. Ƙarar ƙofa ma firgita shi take yi. In mugun mafarki ya kama shi, karen zai tashe shi. In sun shiga taro, karen ya tsaya tsakaninsa da mutane. In lokacin shan magani ya yi, ya zo ya taɓa shi. Wannan kare ma'aikaci ne, kamar ɗan jagoran makaho. A Amurka, dokar naƙasassu ta 1990 ta ba shi damar shiga kanti da gidan abinci tare da mai shi.

Amma ba kowace dabba ce ma'aikaciya ba. Akwai wadda ba a koya mata kome ba, ɗebe kewa kawai take yi. Da can, in mutum yana da takardar likita, yakan shiga jirgin sama da irin wannan dabba kyauta. Sai masu wayo suka riƙa sayen takardar ta intanet. A 2018 wata mata har da ɗawisu ta zo filin jirgi, aka hana ta shiga da shi. Tun daga 2021, kare mai horo kaɗai ne ya zama dole kamfanonin jirgin Amurka su karɓa. Na ga daidai ne a rarrabe. Sai dai masu wayon nan sun cuci masu ciwo na gaske, don yanzu ana yi musu kallon maƙaryata.

Mu fa? Horon irin wannan kare yana cin kuɗi mai yawa. Kuma a gidaje da dama ba a yarda kare ya shiga ɗaki ba. Amma muna da kyanwa, da tantabaru, da jar akuyar Maraɗi. In akwai mai ciwo a gida, kuma ciwon ya lafa, ba shi kiwon akuya ya fi a bar shi zaune shi kaɗai a bayan ɗaki.

Akuya dai ba magani ba ce, kare kuma ba likita ba ne. Mai wannan ciwo a kai shi asibiti tukuna. A babban asibitin Yamai akwai sashen da ake duba su. Kuma kada a jibga masa kiwon shi kaɗai. Ran da jikinsa ya tashi, wani a gidan ya ba akuyar ruwa da harawa. In kare ne, a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka.