Maƙerin Da Ya Bi Ruwa

Jama'a, duk wanda ya taɓa huɗa a fadama ya san yadda laka take manne wa garma. Haka manoman Ilinoi ta Amurka suka sha fama. A 1837 wani maƙeri, John Deere, wanda bashi ya kore shi daga garinsu, ya sami karyayyen zarto a ƙauyen Grand Detour, ya ƙera garma mai santsi wadda laka ba ta kama ta. A 1848 ya ƙaura zuwa Moline, bakin kogin Misisifi, inda aka datse ruwa yana juya injuna. A 1849 ma'aikata 16 suka ƙera garemani 2,136.

To, iyaye, in yaro ya ce ƙira yake so, kada ku hana shi.