Dokar Kamun Kifi Tana Nan, Amma Wa Zai Tsare Tafkin Kainji?

Tun daga shekarar 1968 da aka datse Kogin Kwara a Kainji, tafkin da ya samu ya zama abin dogaron dubban masunta, daga Yawuri har zuwa ƙasar Bargu. Sarkawa da sauran masu sana'ar su sun daɗe suna kukan cewa manyan kifaye irin su giwan ruwa da yauni suna ƙara wuyar samu, kuma ba a rasa sanin dalili ba.

Babban abin zargi shi ne tarun nan da ake kira dala. Ana jan sa ne domin kama warangi, watau ƙananan kifin da ake shanyawa a kai kasuwa, amma da yake idanunsa ƙanana ne ƙwarai, kamar gidan sauro, ba ya barin kome a bayansa. Yakan kwashe 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa tun ba su isa yin ƙwai ba, ya kuma share wuraren da kifi yake hayayyafa a bakin gaɓa. Mai dala ya ci ribar yini guda, shi kuwa mai kalli da ya bi doka sai ya wayi gari komarsa ba kome. Bayan wannan akwai masu zuba guba irin su Gamalin 20 a cikin ruwa, alhali kuwa ruwan nan ne mutane da dabbobi suke sha.

Ba rashin doka ba ne. A 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar soja mai lamba 108, wadda ta haramta su da guba ko nakiya ko lantarki, ta kuma hana amfani da koma mai ido ƙasa da milimita 76, watau kimanin inci uku, in ban da wasu komaye da aka keɓe. Jihohin Neja da Kebbi, waɗanda suka raba tafkin a tsakaninsu, su ma sun kafa nasu dokokin, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 an hana dala, lokacin wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus.

Abin lura a shirin nan shi ne an jawo sarakunan ruwa da hakimai cikin aikin. Ma'aikacin gwamnati yakan zo ne ya koma ofis, kuma sau da yawa ba shi da jirgin da zai kewaya tafkin da ya fi murabba'in kilomita 1,200. Sarkin ruwa kuwa ya san wanda ya fita da dare, ya san irin tarun da ya ɗauka. A Argungu ma, ikon gargajiya ne ya sa ake barin ruwan Matan Fada ya huta har ranar bikin kamun kifi.

Sai dai hani kaɗai ba zai wadatar ba. Wanda ya ci bashi ya sayi dala ba zai ajiye ta don an karanta masa doka ba. Ya kamata jihohin biyu su ware wani kaso na kuɗin lasin da masunta suke biya domin sintiri, su ba da rancen koma mai ƙa'ida ga duk wanda ya miƙa dalarsa, sa'an nan su nemi Cibiyar Binciken Kifi ta Sabuwar Busa ta riƙa bayyana ƙididdigar kifin da ake kamawa kowace shekara.