Lambar Rajista Ba Ta Tace Ruwa

Dokokin kula da ruwan sha a Nijeriya ba su yi ƙaranci ba, bibiyarsu ce ta yi ƙaranci. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa ruwan leda da na gora rajista, hukumar SON kuma ta fitar da ma'aunin ingancin ruwan sha a 2007, wato iyakar da ƙwayoyin cuta da sinadarai ba za su wuce ba a ruwan da mutum zai sha, yayin da aka ɗora wa hukumar NESREA sa ido kan dagwalon masana'antu. Sai dai lambar rajistar NAFDAC da ke jikin leda shaida ce ta ranar da aka duba kamfanin, ba ta ruwan da aka ɗura yau ba. A Kano ma ɗimbin gidaje ba sa ganin ruwan famfo daga matatar Tamburawa ko ta Challawa, sun dogara ne da 'yan ga-ruwa da rijiyoyin burtsatse, waɗanda akan haƙa kusa da masai, kuma da wuya jami'i ya ɗebi ruwansu ya auna. Matsalar da ta fi tsanani tana yankunan masana'antu na Challawa da Sharaɗa da Bompai, inda ruwan masana'antun jima, mai ɗauke da kuromiyam, sinadarin da ake gyara fata da shi, ke gangarawa kogunan Challawa da Jakara, manoman rani kuma su shayar da latas da kabeji da shi. Ya kamata a wajabta awo a kai a kai, a mafitar kowace masana'anta da bakin kowace rijiyar kasuwanci, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a.