Alli a Hannun Rosalba: Ƙorafi a Kan Masu Rubuta Tarihin Zane

A shekarar 1720 wata mata daga birnin Venice na Italiya ta sauka a Paris, nan da nan manyan Faransa suka shiga rububin zama a gabanta domin ta zana fuskokinsu. Har Sarki Louis na 15, yana yaro ɗan shekara goma, sai da ta zana. Kafin shekarar ta fita, majalisar masu zane ta masarautar Faransa ta karɓe ta cikin 'ya'yanta, kamar yadda takwararta ta Roma ta yi tun 1705. Sunanta Rosalba Carriera. Amma da E. H. Gombrich ya fitar da littafinsa The Story of Art a 1950, wanda ɗaliban zane ke haddacewa tamkar karatun allo, bai ambace ta ba. Hasali ma babu mace ko ɗaya a cikinsa. Ni a wurina wannan zalunci ne, kuma dalilan da ake kare shi da su ba su da tushe balle makama.

Abin da aka fi raina ta da shi shi ne kayan aikinta. Wai fastel abin wasan 'yan mata ne, gwanin gaske da fentin mai yake aiki. Duk mai wannan magana bai taɓa riƙe shi ba. Fastel garin launi ne zalla, a kwaɓa shi da ɗan ƙaro a murza kamar alli. A kan takarda ake haɗa launukansa, da yatsa, kuma idan takarda ta ƙoshi da gari ba ta ƙara karɓa, don haka kuskure ba ya ɓuya kamar yadda mai fenti ke binne nasa. Kafin Rosalba, galibi zanen gwaji ake yi da shi. Ita ta ɗaga shi ya zama cikakken hoto da sarakuna ke saye, kuma hanyar da ta share ce Maurice Quentin de La Tour ya bi ya yi suna. A dubi yadda take jan gefen farin alli a kan launi mai duhu, sai leshi ya fito a wuyan riga kamar a taɓa. Ba banza ba: mahaifiyarta masaƙiyar leshi ce, ita kuma da ƙananan hotuna a murfin battocin taba ta fara.

Sai zargin cewa tana yi wa fuskoki kwalliyar ƙarya. Gaskiya ne, wasu 'yan matan da ta zana sun yi kama da juna har su gundure mutum. To, wane mai zanen fada ne bai yi wa ubangidansa gyaran fuska ba? Maza an yafe musu, ita aka riƙe. Mai son ya san ko tana iya faɗin gaskiya ya kalli hoton da ta yi wa kanta a tsufa, wanda ke ajiye a Venice: furfura, leɓɓa a tsuke, ido ɗaya ya fara dushewa. Makanta ce ke tafe, ta kuwa zana ta. An yi mata aikin yanar ido bai yi ba, ta rasu a 1757 ba ta gani.

Ainihin abin da ya danne ta tsari ne. Masana na lokacin sun ɗora zanen tarihi da na addini a sama, zanen fuska a ƙasa, sannan aka hana mata shiga ajin da ake koyon zana surar jiki, wanda sai da shi ake hawa matakin saman. An rufe ƙofa, aka dawo ana tuhumar ta da rashin shiga. Shi ma fastel bai taimake ta ba, domin girgiza na kakkaɓe shi, haske na cinye shi, gidajen tarihi kuma ba sa son ba da aronsa. Sarki Augustus na 3 na Poland ya tara ayyukanta fiye da 150. Guda 73 ne suka rage a Dresden ta Jamus, kuma mai son ganin su sai ya yi tattaki har can.