Tsohon Akwatin Imel: Yadda Ake Komawa Idan Ƙofa Ta Rufe

  A wannan fitowa za mu tsaya a kan wata matsala da ta fara yawa a gidajenmu, nan Choggu da sauran unguwannin Tamale, har ma da wajen 'yan uwanmu na Yamai, Wagadugu, Lome da Abijan. Matsalar ita ce mutum ya wayi gari akwatin imel ɗin da ya yi shekara 15 ko 20 yana aiki da shi ya ƙi buɗuwa, ya buga kalmar sirri a ce ba ita ba ce, ya nemi a taimaka masa a ce an aika lambobi zuwa wani layin waya da ya rabu da shi tun tuni.

Kafin mu kai ga magani, yana da kyau mu tuna yadda aka samo waɗannan akwatuna. Hotmail ya fito a 1996, kamfanin Microsoft ya saye shi a ƙarshen 1997, daga baya a 2013 aka kammala mayar da shi Outlook. Yahoo Mail ya fito a 1997, Gmail kuma a ranar 1 ga Afrilu, 2004. A waɗancan shekaru ba kowa ke da kwamfuta ba. Shagon intanet ake zuwa a cikin gari, a biya kuɗin awa ɗaya, yaron shago ya cika wa mutum takardar rajista, wani lokaci ma shi zai zaɓa masa kalmar sirri da ranar haihuwa. 'Yan uwanmu na ƙasashen Faransanci su ma haka suka samu adireshinsu na yahoo.fr. Da wayoyin Android suka zo sai abin ya sake maimaituwa: mai sayar da waya ne ke buɗe wa mutum Gmail a tsaye a bakin kanti, mai waya ya tafi gida bai ma san sunan akwatinsa ba.

Wani zai ce, in ya rufe sai a buɗe sabo, ai kyauta ne. Buɗe sabo kam ba wuya, amma a duba abin da ke cikin tsohon. Akwai hoton takardar fili da shaidar makaranta. Akwai wasiƙun da ɗalibi ya yi da jami'a, ta nan gida ko ta Madina ko Alƙahira. Akwai lissafin ɗan kasuwa da abokin cinikinsa na Kumasi ko Kano, har da bashin da ake binsa da wanda yake bi. Lambobin wayar dangi da hotunan suna da na biki, galibi a akwatin Google suke ajiye, haka kuma ajiyar saƙonnin WhatsApp ta mai wayar Android, wadda a cikinta ake iya samun muryar mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya. Banda wannan, da wannan adireshi ne aka yi rajistar Facebook da sauran wurare, kuma can suke aika saƙon gyara in an manta mabuɗinsu. Tun daga 2015 ma, wayar Android da aka goge ta da ƙarfi takan ƙi aiki sai an shigar da akwatin Google da ke kanta a da. Ashe ke nan mabuɗi ɗaya ne ke riƙe da ɗakuna da yawa.

Manyan dalilan rufewar akwati huɗu ne. Na farko shi ne mantuwa. Waya takan riƙe kalmar sirri shekara da shekaru, mai ita bai taɓa bugawa ba, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta a kasuwar Aboabo sai a ga ba wanda ya san ta.

Na biyu shi ne rabuwa da layin waya, kuma wannan ya fi damun mu a Gana. Rajistar layuka da Ghana Card ta fara a ranar 1 ga Oktoba, 2021, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa ƙarshen Mayu 2023, lokacin da aka toshe miliyoyin layukan da ba a haɗa su da katin ba. Nijeriya ma ta yi irin wannan aiki da lambar NIN tun daga Disamba 2020. Layin da ya daɗe a ajiye kuwa, kamfani kan mayar da lambarsa kasuwa, wani ya saya. Wasu kuma sun yi rajistar imel da layin Kasapa, wanda ya koma Expresso, kamfanin da ya daina aiki baki ɗaya.

Na uku shi ne daɗewa ba a shiga ba. Google ya sanar a watan Mayu 2023 cewa daga Disamba na wannan shekara yana iya share akwatin da ya yi shekara 2 ba a taɓa shi ba. Microsoft yana son a shiga akwatin Outlook aƙalla sau ɗaya a shekara. Yahoo kuwa a 2013 ya kwashe sunayen akwatunan da suka yi wata 12 a kwance ya ba sababbin masu nema.

Na huɗu shi ne sata. A 2017 Yahoo ya tabbatar cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan akwatunansa, kimanin biliyan 3. Duk wanda ya ci gaba da aiki da tsohuwar kalmarsa a wasu wurare ya bar ƙofa a buɗe. Ɓarawo in ya shiga, abu na farko da yake yi shi ne ya sauya kalmar sirri da lambar waya, sa'an nan ya rubuta wa dangi da sunan mai akwati cewa yana kwance a asibiti, a taimaka da kuɗi.

A nan akwai abin da ya kamata ɗan uwa ya fahimta, domin shi ne zai rage masa fushi. A unguwa, idan mabuɗin ɗakinka ya ɓace, maƙwabta sun san ka, mai unguwa ya san mahaifinka, sai a kira kafinta ya ɓalle kwaɗo. Kamfanin imel bai san fuskarka ba, bai san mahaifinka ba, ba ya karɓar rantsuwa. A wurinsa, kai da ɓarawon da ke ƙoƙarin shiga da sunanka duk baƙi ne a bakin ƙofa, kuma na'ura ce take auna hujjar kowannenku. Abin da take dubawa shi ne layin waya, adireshin imel na biyu, wayar ko kwamfutar da aka saba shiga da ita, wurin da aka saba shiga, da abubuwan da mai akwati kaɗai zai sani. Don haka aikin duka na tattara shaida ne.

Mataki na farko, a daina buga kalmomi barkatai. Yawan kuskure yakan sa a rufe akwatin na wasu sa'o'i. A zauna da takarda a rubuta duk kalmomin da aka taɓa amfani da su, a duba tsofaffin littattafan ajiye lambobi da bayan kalanda.

Mataki na biyu, a nemo tsohuwar waya ko kwamfuta, ko da gilashinta ya fashe. Sau da yawa akwatin yana nan a buɗe a kanta, ko kuma kalmar tana ajiye a wurin adana kalmomin sirri. Kada a goge ta, kada a sayar da ita kafin a gama.

Mataki na uku, a bi sawun layin waya. A tafi ofishin MTN, Telecel ko AT da Ghana Card. Idan layin yana kan sunanka kuma ba a ba wani ba, ana iya yi maka sabon sim da tsohuwar lambarka, saƙon lambobin tabbatarwa ya dawo hannunka. Wannan tafiya ɗaya takan warware matsalar gaba ɗaya.

Mataki na huɗu, a bi hanyar da kamfanin ya tanada a shafinsa na shiga, wurin da aka rubuta "Forgot password" da Turanci, ko "Mot de passe oublié" da Faransanci. A yi wannan daga gida, da wayar da aka saba, domin shiga daga baƙuwar na'ura a baƙon wuri yana rage wa hujja ƙarfi. Google zai tambayi kalma ta ƙarshe da ka tuna. Ka ba da wadda ta fi kusa, kada ka tsallake tambaya, amsar da ba ta dace ba ba ta hana ka sake gwadawa. Wani lokaci sai an jira kwanaki kafin amsa ta zo. Microsoft yana da takarda ta musamman da ake cikawa ga masu Hotmail da Outlook, wadda ke tambayar tsofaffin kalmomin sirri, adireshin mutanen da ka rubuta wa, da kanun wasiƙun da ka aika. A nan zumunci yana da rana: ka kira yayanka ko abokin karatunka ya duba akwatinsa ya karanto maka kanun wasiƙunka harafi da harafi. Amsa kan zo cikin sa'o'i 24 ta wani adireshi da ka bayar, kuma ana iya cikawa sau 2 a rana. Idan ka sauya dukkan bayanan tsaro, akwai jiran kwana 30. Yahoo ya fi dogara da layin waya da adireshi na biyu, don haka mataki na uku ya fi muhimmanci ga masu shi.

Sai gargaɗi. Mai neman mafita cikin gaggawa shi ne abincin 'yan damfara. Akwai masu tallan cewa suna buɗe kowane akwati in an tura musu sidi kaza ta waya, akwai kuma lambobin ƙarya da ake bazawa da sunan ofishin kamfani. Babu kamfanin imel da zai kira ka ya ce ka karanto masa lambobin da aka aiko maka. Wanda ya nemi haka, akwatinka ko kuɗinka yake so. Wanda aka yi wa irin wannan a Gana yana iya kiran 292, layin Hukumar Tsaron Intanet da dokar 2020 ta kafa. Haka nan, shiga akwatin wani ba da izininsa ba, ko na mata ne ko na miji ko na ƙane, cin amana ne da leƙen asiri wanda addini ya hana, kuma laifi ne a dokar hada-hadar na'ura ta Gana ta 2008. Yaron da dattijo ya miƙa wa waya ya taimaka masa, shi ma amana aka ba shi, ya gyara ya kawar da idonsa.

Idan Allah ya sa ƙofa ta buɗe, kada a tashi sai an yi abu huɗu: a sa sabuwar kalma mai tsawo wadda ba a aiki da ita a wani wuri, a gyara lambar waya da adireshi na biyu, a duba ko an sa akwatin ya riƙa tura wasiƙu zuwa wani adireshi da ba a sani ba, a fitar da duk na'urar da ba a gane ba. Mai Gmail da ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu yana iya karɓar lambobin ajiya guda 10, kowace mai alƙaluma 8. A rubuta su a takarda, a ajiye tare da takardar fili da ta haihuwa.

Idan kuma an yi duk abin da za a yi bai buɗe ba, gaskiya ita ce akwai akwatunan da ba sa dawowa. Sai a yi haƙuri, a sanar da dangi da abokan ciniki nan take cewa duk saƙon da ya zo daga tsohon adireshi ba naka ba ne. A je banki, makaranta da wurin aiki a sauya adireshi tun ana iya shiga, a roƙi 'yan uwa su turo hotuna da takardun da ke wurinsu.

Abu na ƙarshe ya shafi magada. Kamfanonin nan ba sa miƙa wa iyalan mamaci kalmar sirrinsa, kuma neman abin da ke ciki yana buƙatar takardu da dogon jira, wani lokaci har da umarnin kotu. Tun 2013 Google ya tanadi tsarin da mutum zai zaɓi amintattu har 10 waɗanda za a sanar, a kuma ba su abin da ya yarda, idan akwatinsa ya yi wata 3 zuwa 18 ba motsi. Maigidan da lissafin basussukansa ke cikin waya, ya kamata ya haɗa wannan da wasiyyarsa, ko ya rubuta mabuɗin ya rufe a ambulan ya ba wanda ya amince da shi, domin kada haƙƙin wani ya maƙale a bayansa.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Shawarata ita ce kowane gida ya ware yini ɗaya a wannan mako, bayan sallar isha'i, a zauna a duba wayar Baba da ta Inna da ta yara: wane adireshi ne a kai, wace lamba aka haɗa da shi, kuma lambar tana hannun wa a yau. Aikin minti 10 ne ga kowace waya.

Allah ya tsare mana amanarmu, ya kare mu daga sharrin azzalumai.